Cin abinci a waje a Sakkwato ga wanda ba ya cin nama, kifi, ƙwai ko nono: tambayoyi da amsoshi

Shekara huɗu ke nan rabona da nama, kifi, ƙwai, nono da man shanu. A cikin garin Sakkwato nake zaune, kuma yanayin aikina ba ya barina in koma gida cin abincin rana. Da farko likita ne ya ce in rage maiƙo da gishiri, da na ji daɗin jikina sai na zarce don kaina. Tun daga lokacin tambaya ba ta yanke mini ba, daga ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da masu yi wa ƙasa hidima da aka turo jihar, har da 'yan gari masu son gwadawa. Ga waɗanda aka fi yi mini, da abin da na gani da idona.

Me ake nufi da wannan tsarin, kuma ina bambancinsa da na wanda nama kawai ya bari?

Wanda ya bar nama kaɗai yana iya shan nono, ya ci ƙwai, ya zuba man shanu a tuwo. Wanda muke magana a kansa kuwa ya bar duk abin da ya fito daga jikin dabba, wasu har zuma ba sa sha. Turawa na kiransa vegan, kalmar da wani Baturen Ingila mai suna Donald Watson ya ƙirƙira a 1944 lokacin da shi da abokansa suka kafa ƙungiyarsu. Mu ba mu da kalma ɗaya tilo, ni dai nakan ce mai cin tsiro zalla. Amma kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikin sunayen nan ka kai rumfar mai abinci. Ba za su yi maka amfanin komai a can ba.

Garin da aka sani da jar akuya da fura da nono, anya abin zai yiwu?

Zai yiwu ƙwarai, kuma ya fi sauƙi a kan yadda baƙo ke zato. Dubi abin da ƙasar nan ke nomawa: gero, dawa, wake, gyaɗa, shinkafar fadama, ga albasa da tafarnuwa da tumatir da tattasai da ake kwasowa daga fadamun gulbin Rima har a yi lodinsu zuwa kudu. Ka shiga Kasuwar Daji da hantsi ka ga buhunan busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa. Yawancin abincinmu na gado a kan hatsi da wake da ganye aka gina shi, nama kuwa a gidan talaka baƙo ne da ke zuwa ranar kasuwa, ko suna, ko salla.

Don haka abincin yana nan. Wahalar tana cikin tukunya, wato abin da aka zuba wanda ido ba ya gani.

In na ce a zuba mini ba nama, ai magana ta ƙare ko?

Ba ta ƙare ba, nan ma ta fara. A wurin mai abinci, "ba nama" na nufin kada a ɗora maka yanka a kan tuwo, galibi don kuɗinka bai kai ba. Miyar kuwa ita ce dai wadda aka dafa naman a ciki tun safe.

A watannin farko na daɗe ina cin tuwon shinkafa da miyar kuka a wata rumfa, kullum ina cewa ba nama, ina ganin na tsira. Wata rana na zo da wuri, tun ba a sauke ba, na zauna a benci ina jira. A gabana mai abincin ta ɗaga wata tukunya, ta juye ruwan da ta tafasa ƙashi da tantaƙwashi a cikin ruwan miya, sannan ta marmasa dunƙule mai ɗanɗanon kaza, ta kawo garin busasshen kifi ta barbaɗa, kafin ta fara kaɗa kuka. Ba yaudarata ta yi ba. Abin da na tambaya shi ta ba ni, ni ne ban iya tambaya ba.

Abubuwan da ke ɓuya su ne romo, da busasshen kifi ko dakakkun ƙananan jatan lande, da ganda da ake yankawa ƙanana, da dunƙule mai ɗanɗanon kaza ko naman shanu. Sai kuma man shanu, wanda a nan Sakkwato alamar karramawa ce: da mai abinci ta ga kai nata ne, kafin ka ankara ta kai cokali ta malala maka shi a kan tuwo. Ka riga ta magana tun tana riƙe da mara.

Daddawa ba ta da matsala, daga kalwa ake yinta. Farin magi ma haka, daga rake ko sitaci ake samar da shi. Dunƙule kuwa kala-kala ne, sai ka karɓi takardarsa ka karanta abin da aka rubuta.

To yaya zan yi tambaya ba tare da na ɓata wa mai abinci rai ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina. Mace ta tashi tun asuba tana fama da hayaƙi, sai ka zo kana ƙwaƙular miyarta kamar mai binciken tsafta, dole ta ji zafi. Fara da gaisuwa cikakkiya. Kada ka zo lokacin da layi ya yi tsawo, tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa biyu, ka tsaya kana jero sharuɗɗa. Zo da hantsi ko bayan an watse. Sannan ka ɗora abin a kanka, kada ka ɗora a kan girkinta.

Yadda muka yi da wadda nake ci a wurinta yanzu ke nan. Na ce, "Inna, ina wuni, ya kasuwa?" Ta ce, "Lahiya lau ɗana, mi za a zuba ma?" Na ce, "Inna, ni ba ni cin nama, ba ni cin kifi, ko ruwansu ba ni sha. Wane abinci ne yau ba a sa masa romo ba?" Ta aje ludayi ta dube ni da kyau, ta ce, "Lahiya dai? Likita yah hana ma?" Na ce da shi aka fara, yanzu kuma na saba. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To shinkahwa da wake za ka ci, da mai da yaji. Gobe in ka zo da wuri in ɗibar ma miya kahin in zuba romo."

Haka aka yi. Har yau akwai wata 'yar ƙaramar tukunya mai murfi ja da take aje mini miya a ciki. Ni kuma ba na neman ragi don ban ci nama ba, kuma in na san ba zan zo ba nakan aika a gaya mata. Ribar mai abinci tana jikin yankan nama, in ka cire mata shi sai ka rama mata da zama mai zuwa kullum. Shi ya sa nake ba kowa shawara ya nemi wuri biyu ko uku ya riƙe, maimakon yau nan gobe can.

Wane abinci zan saya hankalina kwance?

Na farko shinkafa da wake da mai da yaji. A tukunya daban ake dafa ta, ba ruwanta da miya, man gyaɗa ne da soyayyar albasa, in an samu tumatir da kabeji a yanka a kai. Abu ɗaya za ka duba, dunƙulen da aka daka a cikin yajin. Ɗanwake ma haka, garin wake ne da na rogo ko fulawa, da kuka da kanwa, sai dai ka ce kada a yanka maka dafaffen ƙwai.

Ƙosai da koko ko kunun tsamiya da safe, wannan kowa ya san shi. Masu tuyar bakin hanya ba su cika fasa ƙwai a ƙullu ba saboda tsada, amma tambaya ba ta ɓaci. Kwaɗon zogale, ko na rama, ko na tafasa lokacin damina, da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, shi ne a ganina sarkin abincin mai cin tsiro a ƙasar nan: ga ganye, ga gyaɗa, ga ƙoshi, ga araha. Sai dambu da zogale, da dafaffen rogo ko dankali da ƙuli, da hoce in ka dace da mai yinsa, da soyayyar doya wadda ba a tsoma a ƙwai ba.

Waina fa, da alale da awara?

Waina ita kanta shinkafa ce da yis da ɗan sukari, sai dai wasu na zuba nono a ƙullu don ta yi tsami da laushi. Miyar taushen da ake ci da ita kuwa kusan kullum da ƙashi ko tantaƙwashi ake yinta. Ci da ƙuli da mai, ko da sukari. Haka sinasir da funkaso.

Alalen leda da yara ke talla galibi wake ne da manja da attaruhu, amma na gwangwani da ake sayarwa a manyan gidajen abinci da wuya ka same shi ba kifi ko ƙwai. Awara daga waken suya take, kuma babu abin da ya kai ta maye gurbin nama, tunda fiye da kashi 1 cikin 3 na busasshen waken suya sinadarin gina jiki ne. Matsalar ita ce yanzu an shiga yayin tsoma ta cikin ƙwai kafin a soya. Ka duba da kyau: wadda aka sa wa ƙwai takan yi wani ɓawo mai zare-zare a gefe. Ce a soya maka fara.

Gidajen abincin zamani masu na'urar sanyaya ɗaki da kwalin tafi-da-gidanka fa? Ai can ya kamata a fi samun sauƙi.

Haka kowa ke zato, ni kuwa na ga akasin haka. Irin waɗannan wurare, ko a nan ko in tafiya ta kai ka Kano ko Abuja, a kan kaza aka gina cinikinsu. Wani ma sunansa ya isa ya gaya maka, kamar Chicken Republic ko KFC. Kuma yarinyar da ke sayarwa a kanta ba ita ta yi girkin ba, a can ɗakin girki aka dafa bisa tsarin da kamfani ya ƙayyade, ba ta da ikon ɗibar maka komai kafin a zuba romo. Inna mai rumfa ta fi ta iko da tukunyarta nesa ba kusa ba.

Dafa-dukan shinkafa da soyayyar shinkafa, a al'adar girkinsu da ruwan kaza ake yi, ita soyayyar ma sau da yawa da 'yan gutsattsarin hanta. Haɗin kabeji da karas da ake ɗorawa a gefe an cakuɗa shi da Bama ko makamancinta, ita kuwa da ƙwai ake yinta. Fanke na iya tsira, amma cincin da kek da donat da duk wani gashin fulawa mai sheƙi a sama akwai madara ko bota ko ƙwai. Shawarma in ka cire kaza da tsiran Turawa da farin kirim, abin da ya rage kabeji ne a naɗe cikin gurasa.

Abin da nake yi shi ne in nemi farar shinkafa, da dafaffen wake in akwai, da soyayyar agada, da salak wanda ba a zuba wa komai ba, in matsa lemun tsami a kai. In wurin masu fiza ne, ana iya yi maka ita ba cuku, da miyar tumatir da albasa da tattasai, amma ka tambaya ko akwai madara a kwaɓin. Kuma ka nemi manaja ko mai girki cikin ladabi. Yarinyar da ke sayarwa takan ce "babu" don kawai layi ya motsa, ba don mugunta ba.

A otal kuwa abin ya fi sauƙi, domin a kan oda suke girki. Faɗa musu tun da safe abin da za ka ci da dare.

Dankalin da aka soya a man da aka soya kaza, ya halatta a tsarin ko a'a?

A nan masu tsarin kansu sun rabu. Wasu ba sa ci sam. Wasu na ganin tunda ba su sayi kazar ba, ba laifi. Ni ra'ayina, in da wani zaɓi nakan bar shi, in kuwa ina kan hanya ga yunwa babu wani abu, nakan ci ban damu ba. Wanda zai bi kowane ludayi da kowane kasko a garin nan ba zai yi wata uku yana wannan tsari ba. Amma wanda jikinsa ne ba ya karɓar kifi ko ƙwai ko madara, har ya kumbura ko numfashinsa ya sarƙe, shi kam maganarsa daban ce, ko ɗigo kada ya yarda, kuma ya faɗa wa mai abinci ƙarara cewa ciwo ne.

Teburin mai shayi fa?

Baƙin shayi da sukari da lemun tsami ko citta, ba matsala. Milo da Bournvita akwai madara a cikin garinsu, ko da ba a ƙara ta gwangwani ba. Burodi sai ka tambaya, domin wasu gidajen burodi na sa madara da bota, wasu fulawa ce da yis da sukari da mai kawai. Indomie kuwa taliyar ba ita ce abin dubawa ba, 'yar ledar garin ɗanɗanon ce. Nakan ce da mai shayi, "Malam, dafa min ita da albasa da attaruhu da tumatir, ka aje garin, ka sa gishiri kaɗan." Ka kuma roƙe shi ya ɗauraye kaskon da ya soya ƙwai.

Da zafin Sakkwato, in ba fura da nono ba me zan sha?

Gaskiya nan ne na fi jin rashi. A watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ka ga mutane sun kewaye ƙwaryar Bafulatana, sai ka ji zuciya ta motsa. Amma furar kanta gero ce da citta da kanumfari da barkono. Nakan sayi curinta, in dama da ruwan sanyi da ɗan tsamiya, ko da madarar waken suya, ko da kunun aya. Da kunun aya ta fi daɗi.

Zoɓo, kunun zaƙi, ruwan tsamiya, lemun citta, duk naka ne. Kunun gyaɗa ma, in ba a ƙara masa madara ko nono ba. Kunun aya dai ka kula, wasu na zuba madarar gari, kuma ba ya jure zafi, in ya yi 'yan awoyi ba ƙanƙara sai ya yi tsami. Ga kankana da rake da mangwaro a lokacinsu.

Gidajen abincin Yarbawa da na Ibo da ke gari fa?

Miyar agushi da ogbono da miyar ganyensu kusan ba a raba su da dakakken jatan lande da busasshen kifi, kuma tun a tushe ake zubawa. A wurin Yarbawa za ka fi dacewa: dafaffen wake da manja da agada, ko amala da miyar lalo in ba a barbaɗa mata jatan lande ba. Jar miyar da ake ɗorawa a sama kuwa a cikinta naman yake kwance.

Mutane na ce mini ina haramta abin da Allah ya halatta. Me zan ce?

Ka saurare su da kyau, domin maganar tana da tushe. A Suratul Ma'ida, aya ta 87, an hana muminai haramta kyawawan abubuwan da Allah ya halatta musu. Duk wanda ya ce nama haramun ne, ko yanka zalunci ne, ko ya ɗauki barin nama a matsayin ibada, ya kauce hanya. Amma barin cin abu don lafiya ko don rai bai so ba wani abu ne daban. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman damo bai ci ba, ya bayyana cewa ba haramun ba ne, Khalid ɗan Walid kuma ya ci a gabansa.

Ni nakan ce nama halal ne, ni ne dai ba na ci. Ina yin layya duk shekarar da na samu iko, iyalina su ci, a raba wa maƙwabta da mabukata. Wanda abin ya shige masa duhu ya je ya zauna da malaminsa, garin nan ba a rasa malamai ba.

In abokai suka ja ni wurin mai tsire ko balangu, ko aka gayyace ni walima?

Je ka. Kada abinci ya raba ka da mutane. A wurin mai tsire akwai albasa da tumatir da kabeji da yaji, sau da yawa ga mai gurasa ko mai waina a kusa. Zauna a ci tare, in zagayen biya ya zo kanka ka biya. Tsokana za a yi maka ta mako biyu, daga nan a saba. Abin da ba a yafewa shi ne ka zauna kana yamutsa fuska kana yi wa mutane wa'azi a kan abin da ke hannunsu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Walima da biki sun fi wuya, don abincin a kulle yake zuwa, kaza a kan shinkafa. Nakan ci wani abu kafin in fita, in karɓi nawa da godiya, in miƙa wa na kusa da ni ko in kai gida. Gidan surukai ko na dattijo kuwa, aika saƙo tun kafin ranar ta bakin wanda ya fi kusa da su. Babu abin da ya fi ciwo, ga mai gida da kai duka, kamar a yanka maka kaza don girmamawa sannan ka ce ba ka ci.

Ba zan rame ko jinina ya ƙare ba?

In kana haɗa hatsi da wake da gyaɗa da awara da ganye, kuma kana ƙoshi, abin gina jiki ba zai gagare ka ba. Haɗarin mai cin abinci a waje shi ne ya wayi gari kullum farar shinkafa da soyayyen dankali da lemun kwalba, don su ne masu sauƙin samu. Wannan ba tsari ba ne, cutar kai ce.

Abu ɗaya ne tsiro ba zai ba ka ba, shi ne bitamin B12. Babba na bukatar kimanin maikirogiram 2.4 a rana. Hanta na ajiye shi na tsawon shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe bai ji komai ba, sannan kasala da ƙarancin jini da jin tafin ƙafa na dindiris su biyo baya, kuma lahanin da yake yi wa jijiya ba kullum yake gyaruwa ba. Ƙwayarsa tana nan a kantunan magani, ka sha bisa shawarar likita, kada ka yarda da mai ce maka zogale ko daddawa sun wadatar. Don ƙarin jini kuma, matsa lemun tsami a kan wake da ganye, ka jinkirta shan shayi bayan cin abinci, domin shayi na rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ƙarfe. Mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara kada su shiga tsarin nan sai da sanin likita.

In tafiya ta kama ni fa?

Abincin tasha shi ne shinkafa da miya da nama, sai tsire da soyayyar kaza da dafaffen ƙwai da ake miƙowa ta taga. Ko hanyar Gusau ka bi ta Talatar Mafara, ko ta Jega ta Boɗinga da Tambuwal, ko ka nufi Illela, kada ka dogara da inda direba zai tsaya. A jakata kullum akwai ƙuli-ƙuli, da soyayyar gyaɗa, da dabino, da aya, da garin rogo a leda, da ɗan ƙullin yajin da aka daka mini a gida. In mota ta tsaya nakan nemi mai ƙosai ko mai dafaffen rogo, in sayi albasa ɗaya da tumatir biyu, in jiƙa garin da ruwan leda, in marmasa ƙuli a kai in kwaɗa. Kafin sauran fasinjoji su gama wanke hannu na ƙoshi, kuma ba a taɓa yin tafiyar da wani bai matso ya ce in ɗiba masa ba.